Ƙafar Farko a Gidan Injiniya Kwang

Badamasi ya riga ya cire takalmin dama, ya dafa bango zai cire na hagu, sai ya fasa. Ya mai da ƙafarsa cikin takalmin, ya ja baya daga bakin ƙofa.

"Shigo mana," in ji Kwang daga ciki. Yana tsaye a tsakiyar falo cikin jar rigarsa mai maɓallan zare, wadda ba ta ganin rana sai sau ɗaya a shekara. Ƙofa a buɗe take tsakaninsu. "Tun asuba nake jiranka. Ko shayi ban sha ba."

"Injiniya, ina kwana. An tashi lafiya? Ya sanyi? Ya mutanen gida, an yi waya da su?"

"Lafiya lau. Gaisuwa a ciki ake yi."

"Ta bana dai a waje za a yi ta."

Kwang mutumin Biyetnam ne. Alhaji Abbas ne ya taho da shi tare da injinan casar shinkafa, a kan zai kafa su ya koya wa yara ya koma ƙasarsu kafin damina. Injinan kuwa suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya cikin tsari da ladabi, har mutum ya shekara goma sha wani abu a Katsina, ya iya Hausa, ya iya cin fura, ya gaji da gaya wa mutane cewa shi ba ɗan Caina ba ne. Kamfani ya kama masa wani ɗan gida a bayan Ƙofar 'Yandaka. Badamasi shi ne mai kula da sito a kamfanin, aikin da ba ya bukatar komai sai makulli da kujera da iya cewa babu.

Yau ce ranar farko ta sabuwar shekarar su Kwang, wadda suke kira Tet. A wurinsu wanda ya fara taka gidanka a safiyar nan, da halinsa da sa'arsa shekarar za ta tafi. Saboda haka ba a barin abin ga tsautsayi, zaɓar mutum ake yi tun da wuri: mai lafiya, mai fara'a, wanda gidansa yake zaune lafiya, wanda kuma shekarar haihuwarsa ta dace da ta maigida. Kwang ya duba katin aikin Badamasi ya yi lissafinsa, ya ce an haife shi a shekarar ɓauna, kuma ɓauna ita ce daidai da shi. Badamasi bai gaya masa cewa shekarar da ke katin wani hedimasta ne ya ƙirƙiro ta da ido ba. Da ya kai labarin gida, matarsa Na'ima ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

"Ɓauna," ta ce. "Malam, dama na daɗe ina zargi."

Ita ce kuma ta warware masa shakkar da ya yi da farko. Ta ce shiga gidan abokin aiki da sallama ba laifi ba ne, ya yi bismillarsa ya shiga, abin da mai gidan ya ɗauka a ransa wannan tsakaninsa da Allah. Tun daga nan kowace shekara Badamasi yake sa babbar riga da sassafe ya zo ya taka gidan Kwang da ƙafar dama. Shi ne muƙami mafi girma da aka taɓa ba shi, kuma shi kaɗai ne wanda bai nema ba.

"Kai da bakinka ka gaya min," in ji Badamasi, yana kallon dokin ƙofar. "Wanda aka yi wa mutuwa a shekarar ba ya shiga gidan kowa a wannan rana. Zama yake yi a gidansa kada ya kai wa mutane abin da ya same shi. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce."

"To. Ga Garba mai shayi can tsallaken titi. Lafiyarsa lau, haƙoransa sun cika, ba wanda ya mutu masa sai rediyo. Bari in kira maka shi."

"Garba yana zagin kwastoma tun kafin ruwa ya tafasa. Kana so in shekara ina faɗa?"

"Gara faɗa da abin da zan kawo maka."

Wayar Badamasi ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya ga yayarsa ce, Hajiya Iklima. Ya ɗan juya baya ya ɗauka, suka gaisa, ta tambayi sanyi da aiki da kwanan gida, shi ma ya tambayi jikoki da ciwon gwiwa. Da gaisuwa ta ƙare muryarta ta sauya.

"Badamasi, bayan azahar muna nan tafe, ni da Safara'u. Ɗakin nan yau za a buɗe shi."

"Yaya, yau ina da..."

"Kullum kana da. Tun ƙarshen damina kake da. Mi kake jira? Kayan nan ba naka ba ne kai ɗaya, akwai haƙƙin 'yarku Fiddausi a ciki, akwai na mahaifiyar marigayiya, ga ƙanwarta Safara'u tana ta zarya. Gado ba a kulle shi. Ka bar baiwar Allah da nauyin mutane a kanta, kai kana kwana a falo kamar baƙon da mota ta lalace masa. In ka ba da makulli, to. In ba ka bayar ba, na yi magana da kafinta."

"Allah ya kai mu, Yaya."

"Amin. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci."

Bai ci ba. Ya mai da wayar aljihu, yatsunsa suka taɓa makullin. Tun ranar da ya dawo daga Legas makullin nan yake aljihunsa, yana bin sa daga riga zuwa riga.

Wani ƙarfe mai haƙora ne ya karye a babban inji, aka yo odar sabo, ya maƙale a tashar jiragen ruwa. Kwang ya ce a tura Badamasi, don shi ne mai haƙurin zama a ofis har a gaji da ganinsa. Yana can kan benci yana jiran sa hannun wani jami'i Na'ima ta faɗi a tsakar gida da hantsi. Kafin la'asar an kai ta. Washegari da ya sauka daga mota, da ƙarfen a cikin buhu, tabarmi ya tarar a ƙofar gida da mutane suna miƙo masa hannu. Aka kai shi maƙabarta aka nuna masa wani tudun jar ƙasa a cikin sahun tuddai irinsa, aka ce ga ta nan. Ya yi addu'a yadda ya kamata. Ya dawo gida ya ja ƙofar ɗakinta ya kulle ba tare da ya leƙa ba. Mutane suka ce Malam Badamasi akwai tawakkali. Inji kuwa tun daga ranar bai sake ko tari ba.

"In ba ka shigo ba, ni ba zan fita ba," in ji Kwang. "In ban fita ba, gobe inji ba zai tashi ba. Alhaji zai tambaya, zan ce mai sito ne ya tsare ni."

"Mahaifiyarka da tana raye ba za ta yarda da wannan ba."

"Ba za ta yarda ba. Na riga na gaya mata jiya, na ba ta haƙuri."

Ya faɗi haka ne yana nuna bayansa da babban yatsa, inda teburin yake. Badamasi ya san teburin, ko da yake bai taɓa tsayawa ya kalle shi da kyau ba. Dogon tebur ne a jikin bangon da ke fuskantar ƙofa, an jera hotunan iyayen Kwang da kakanninsa, da 'ya'yan itace, da ƙananan kofuna, da kaskon turaren tsinke. Tsarinsu tun farko shi ne Badamasi ya shiga ya zauna a kujerar da ta ba teburin baya, Kwang kuma ya ware masa abincinsa daban, wanda bai je kusa da hotunan ba. Ba su taɓa tattauna tsarin ba, kuma bai taɓa lalacewa ba.

Badamasi ya dubi abokinsa. Gashin Kwang ya yi furfura a Katsina. Matarsa da 'ya'yansa suna can wani gari kusa da teku, yau suna cike da gida, shi kuma lokacin bikin kullum yana faɗowa ne a tsakiyar casa, lokacin da Alhaji ba ya jin kalmar hutu. Mutum ɗaya yake jira a duk faɗin garin nan.

Ya cire takalman. Ya yi bismilla a hankali, ya yi sallama, ya sa ƙafar dama.

"Allah ya ba ka lafiya, ya ba iyalinka lafiya," ya ce, kamar yadda ya saba. "Allah ya sa shekarar ta zo da alheri. Allah ya hana inji lalacewa." A da a nan yake ƙarawa da cewa Allah ya sa ya ɗan lalace kaɗan, kada Alhaji ya ga Injiniya ba shi da amfani. Bana bai ƙara ba.

"Amin," in ji Kwang, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Zauna."

Ya zauna a kujerarsa. Kwang ya shiga kicin ya fito da faranti, a kai ga abincin bikin, wanda suke kira ban cung: shinkafa mai danƙo da wake da nama, an naɗe da ganye mai kusurwa huɗu, an dafa har ta kama jikinta. Wannan dai kusurwa uku da rabi take da su, gefe ɗaya ya fashe.

"A kan gas na dafa, a ƙaramar tukunya," in ji Kwang. "Ciki bai nuna sosai ba. Ka ci gefe."

A gidan Badamasi ake dafa ta duk shekarun nan. A shekarar farko Kwang ya zo ofis da hoton abincin a waya yana nunawa da fuskar maraya. Badamasi ya kai wa Na'ima hoton don su yi dariya, ita kuwa ta karɓi abin kamar an ƙalubalance ta. Ta sa aka nemo ganyen ayaba wurin masu lambu, ta surfa wake, ta ce naman da suke sawa can ba zai shiga gidanta ba, kitsen rago ya fi shi komai. Kwang ya zauna a zaure yana naɗewa, ana kai mata ciki, ita tana turo saƙo cewa ɗaurinsa na ragwaye ne. Babbar tukunyarta ta biki ake ɗorawa a kan itace, wuni guda tana tafasa, maƙwabta suna leƙowa suna tambayar suna ake ko aure. Alalen da ya je makaranta, haka take kiran abin. Tukunyar yanzu tana cikin ɗakin, a bayan ƙofa. Bana Kwang bai tambaya ba, Badamasi kuma bai yi tayi ba.

Ya gutsiri gefe ya kai baki. Gishiri ya yi kaɗan. Zai faɗa ke nan sai wani ƙamshi ya zo masa ta bayan kunne, ya keto ta cikin hayaƙin turare: citta mai yawa, da kanumfari, da ɗan masoro. Kwang ba ya shan irin wannan shayi. Nasa ruwan zafi ne da ganye, kamar maganin da aka manta ba a sa magani ba. A duk Katsina mutum ɗaya Badamasi ya sani da ke zuba citta har ta kai haka.

Ya juya.

A ƙarshen jerin hotunan, ɗan nesa da tsofaffin, an jingina wani sabo a cikin ƙaramin firam. Na'ima ce ranar bikin Fiddausi, da mayafi ruwan goro, ta riƙe ludayi, ta juyo tana dariya da wanda ya ɗauka. A gabanta ga kofin shayi yana tururi, ga kantun riɗi a ɗan farantin tangaran, ga tsinken turare guda yana ci.

Badamasi ya ajiye farantin. Ya miƙe. Ya nufi teburin.

"Injiniya, mene ne wannan?"

"Yaya Na'ima ce."

"Na ga ita ce. Me take yi a nan?"

"Na gayyace ta."

"Ka gayyace ta." Ya ji muryarsa ta yi ƙasa, irin ƙasan da ma'aikata ke gudu a sito. "Matar nan Musulma ce. Ta yi sallarta, ta yi azuminta, ta je Makka. Ka ɗauke ta ka sa a gaban turare kana kunna mata wuta? Ka san abin da za a ce in wani ya leƙo ya gani? Ka san abin da ita za ta ce?"

"Za ta ce firam ɗin ya karkace."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma." Kwang ya tsaya a gefen teburin, hannayensa a haɗe a gaba. "Malam Badamasi, ba bauta nake mata ba. Wa zai bauta wa wadda ta ce ɗaurinsa na ragwaye ne? A wurinmu ranar jajibiri ana share gida, a dafa abinci, a buɗe ƙofa, a kira waɗanda suka tafi su dawo su ci biki da mu. Kowa yana komawa gida a Tet, mai rai da wanda ba shi da shi. Jiya ina kiran sunayensu ɗaya ɗaya, ina ajiye musu abincin da duk shekara daga hannunta yake fitowa. Sun ci girkinta shekara da shekaru. Sai na ga rashin kunya ne in tsallake ta." Ya dubi hoton. "Kuma na ji an ce ɗakinta a kulle yake. Na ce to in ta zo garin nan, ina za ta zauna?"

Badamasi ya nemi fushin da ya miƙe da shi, ya tarar ya ragu, kamar buhun da ɓera ya huda ta ƙasa.

"Ba ta zuwa," ya ce. "Namu ba sa dawowa. Addu'a suke bukata, ba shayi ba."

"Namu ma ban taɓa ganin wanda ya dawo ba. Shayin nan in ya huce ni nake shanyewa, kowace shekara. Mahaifina bai taɓa rage ko kurɓi ɗaya ba."

"To wahalar ta mece ce?"

"Saboda rana ta uku." Kwang ya gyara wani lemo da ya gangaro daga kan 'yan uwansa. "Kwana uku suke yi. Ba a shara, ba a faɗa, ba a ɗaga murya, akwai baƙi a gida. A rana ta uku sai a yi musu girki na ƙarshe, a ce mun gode, ku sauka lafiya, a raka su har ƙofa. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ina nan ina kwance injin Alhaji. Ban gan ta ba. Amma duk shekara ina samun ranar da nake raka ta ƙofa da kaina."

A waje wani mai babur ya wuce yana danna oda ba dalili. Garba mai shayi yana gaya wa wani cewa in ba zai saya ba ya tashi masa daga benci.

"Ni na tura ka Legas," in ji Kwang.

"Kwananta ne ya ƙare. Ko ina zaune a gefenta..."

"Na sani. Duk kun gaya min. Ni dai na tura ka."

Badamasi ya koma ya zauna, amma a hannun kujera, yana fuskantar teburin, abin da bai taɓa yi ba. Tun da aka yi rasuwar ba wanda ya kira sunanta a gabansa. Marigayiya ake cewa, ko baiwar Allah, kamar sunan ma an binne shi tare da ita. Yau a bakin mutumin da ba ya iya furta harafin ainun da ke tsakiyar sunan ya ji shi.

"An ce ka je jana'izar," ya ce.

"Na bi daga baya, da kayan aiki a jikina. Ban shiga ba. Na tsaya a bayan katanga, na taka bulo ina leƙe."

"Wa ya shiga ramin?"

"Ƙaninta, dogon nan, Sadiq. Da wani tsoho mai jan rawani."

"Liman ke nan. An yi ruwa?"

"Yayyafi. Wani ya buɗe lema ya riƙe a kan makarar tun daga gida har can. Irin lemar masu sayar da katin waya, babba, mai ruwan ɗorawa. Hannunsa ya gaji, wani ya karɓa. Ba su bari ta jiƙe ba."

"Ba ta son ruwa ya taɓa ta," in ji Badamasi. "Ko yayyafi ne sai ta ce zazzaɓi."

Wata da watanni ana ba shi haƙuri, ba wanda ya ba shi lemar nan. Ya sa hannun babbar riga ya rufe fuskarsa. Abin da ya fito daga ƙirjinsa bai yi kama da kuka ba, ya fi kama da injin da aka tayar bayan dogon hutu, yana kamawa yana saki. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, mai kula da sito, ɓauna a lissafin Biyetnam, yana kuka a ranar da aka hana ɗaga murya, a gidan da aka kira shi ya kawo sa'a. Kwang bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya shiga kicin ya daɗe yana wanke kofin da ba shi da datti.

Da ya fito Badamasi ya goge fuska, yana tsaye a gaban teburin. Bai taɓa turaren ba, bai taɓa kofin ba. Ya ɗan sunkuyar da kai ga tsofaffin hotunan, irin yadda mutum yake yi in ya ratsa ta gaban manya, sannan ya sa hannu biyu ya ɗauki firam ɗin.

"Zan tafi da ita, Injiniya."

"Yau rana ta farko ce kawai."

"Na sani. Amma matar aure ce. Ba ta kwana a gidan wani."

Kwang ya dube shi, ya dubi gurbin da hoton ya bari. Ya gyaɗa kai. Ya ɗauko jarida zai naɗe firam ɗin, Badamasi ya ce a bar shi haka, ya zura shi a babban aljihun gaba na rigarsa.

"Na ɓata maka shekara," ya ce a bakin ƙofa, yana neman takalmi da ƙafa.

"Za mu gani. In inji ya lalace, kai za a tura Legas."

"Gishiri ya yi kaɗan a abincin nan."

"Na sani. Ita ce mai sawa."

Bai wuce kamfani ba. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi ta cikin gari a hankali, yana kauce wa ramuka da wata irin kulawa da ya daɗe bai yi ba, irin ta mai goyo. Ya tsaya ya yi azahar a masallacin unguwa. Da ya isa gida a Ƙofar Durɓi ya tarar sun riga shi. Hajiya Iklima tana zaune a kan kujerar roba a tsakar gida da carbi, Safara'u ƙanwar Na'ima tana tsaye da tsintsiya biyu da buhunan zuba kaya. A zaure kuma wani mutum yana zaune da guduma a cinya, yana ƙoƙarin nuna kamar hutawa kawai ya shigo yi.

Suka gaisa. Badamasi ya sallami kafinta da godiya. Ya ciro makullin, ya nufi ƙofar. Kwaɗon ya ɗan yi gardama kafin ya buɗe.

Ya cire takalmi. Ya yi sallama, da murya sosai, yadda yake yi in ya dawo daga aiki. Safara'u ta juya fuska ta kama bakin mayafinta. Ya sa ƙafar dama ya shiga.

Ɗakin yana nan yadda ta fita daga cikinsa. Sallaya a ninke rabi a gefen gado, tabaranta a kan filo, faifai da shinkafar da ta fara tsincewa, tsakuwa a gefe ɗaya. Babbar tukunya tana kife a bayan ƙofa. Ƙamshin turarenta na wuta ya tsufa amma bai tafi ba. Ya ciro hoton ya ajiye a kan madubi, ya ga ya karkace, ya gyara.

Hajiya Iklima ta tako bakin ƙofa, ta karɓi tsintsiya ɗaya daga hannun Safara'u.

"To, alhamdu lillahi. Matsa mu fara."

"Yaya, ajiye tsintsiyar. Yau ba a shara."

"A wane littafin?"

"Ba a littafi ba ne. Alfarma nake roƙo." Ya miƙa mata makullin. "Riƙe wannan a wurinki, don ki san ba wayo zan yi ba. Jibi ku dawo, ku zo da Fiddausi da wanda zai raba. Ni zan fito da kayan da hannuna, ɗaya ɗaya, har ƙofar gida. Ban raka ta ba, Yaya. Ku bar ni in raka kayanta."

Hajiya Iklima ta dubi makullin a tafin hannunta, ta dubi idanun ƙaninta da suka kumbura. Da alama akwai sauran hujjoji da ta taho da su tun daga gida, sai ta ƙulle makullin a bakin zane.

"Jibi," ta ce. "Safara'u, bar buhunan nan, mu tafi. Kai kuma ka ci abinci, ƙarya kake ba ka ci ba."

Da suka fita ya buɗe tagar ɗakin. Ya shimfiɗa sallayar ya zauna ya yi mata addu'a, doguwa, ya kira sunanta a ciki da na mahaifinta. Sannan ya shiga kicin ya yi ta buɗe gwangwanaye har ya gano inda take ajiye citta. Ya daka, ya zuba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har ta kai yawan da ya shekara ashirin da wani abu yana ƙorafi a kai. Kofi ɗaya ya zuba. Ya kawo ɗakin ya ajiye a ƙasa kusa da faifan shinkafar, ya zauna a bakin gado yana kallon tururin yana raguwa.

Da ya huce ya ɗauka ya shanye. Cittar ta yi yawa.